Amsoshin Tambayoyinku: Katin Sauti na Waje Don Masu Rediyon Sha'awa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan katin sauti na USB da ake haɗa kwamfuta da rediyon aika saƙo. Ta farko daga Domayo take a Marwa. Mai ita ya ce yana da rediyo Yaesu FT-857, yana son shiga FT8, wato hanyar musayar gajerun saƙonni ta rediyo da taimakon kwamfuta, sai aka ce masa dole ya sayi irin katin da ake ɗaukar waƙa da shi a situdiyo. Injiniya, bismilla.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ya riƙe kuɗinsa. Manhajar WSJT-X da ake FT8 da ita katin da ke ɗaukar sauti a 48000 Hz da bit 16 take nema, kuma ko ɗan katin nan mai guntun CM108 yana ba da wannan. Sautin da rediyo ke fitarwa a SSB, wato salon aika murya da ake FT8 a kansa, faɗinsa bai wuce 3000 Hz ba, to me katin situdiyo zai ƙara masa? Abin da zai tambayi mai kaya shi ne: akwai taransifoma a ciki mai raba kwamfuta da rediyo? Kuma ta yaya katin zai danna PTT, wato makunnin da ke sa rediyo ya fara aikawa?

A bayan FT-857 akwai kafar DATA mai fil shida. Fil na 1 ne ke karɓar sauti daga kwamfuta, na 2 ƙasa, na 3 PTT, na 5 kuma shi ke ba kwamfuta sauti. Ta nan zai shiga, ya bar kafar makirufo, domin sautin fil na 5 tsayayye ne, ko ya murɗa ƙarar rediyo ba ya canzawa. In zai sayi haɗaɗɗe, SignaLink USB yana da taransifomominsa, sai dai ya buɗe shi ya jera 'yan wayoyin ciki daidai da rediyonsa. SignaLink ɗin da jin sauti yake danna PTT, don haka a FT8 ya mayar da maɓallinsa na jinkiri, wato DLY, ƙasa ƙurmus. Wani haɗaɗɗen, Digirig, ƙarami ne, kuma yana da hanyar CAT, wato kwamfuta ta riƙa sauya mita da kanta. Mai IC-7300 ko FT-991A kuwa kada ya sayi komai, katin na cikin rediyon, wayar USB kawai yake bukata.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga Garwa. Ya ce ya haɗa ƙaramin kati da hannunsa, amma akwai gunji a sautin, kuma da ya fara aikawa sai katin ya ɓace daga kwamfuta.

Injiniya: Cuta biyu ce, kowace da maganinta. Gunjin, ya fara da gwaji: ya zare cajar kwamfutar ta zauna kan batir. In gunjin ya ɗauke, to wutar gida ce mai 50 Hz ke zagayowa ta wayar ƙasa tsakanin na'urorin biyu. Sai ya sa taransifoma biyu masu om 600 kowane ɓangare, ɗaya a layin shiga, ɗaya a layin fita. Amma ga inda mutane ke faɗawa: su raba sauti, su bar wayar PTT a haɗe kai tsaye, zagayen ya dawo ta can. A sa 4N25 a tsakani, wato ɗan guntun da ke isar da umarni ta haske ba tare da haɗin waya ba, layin RTS na kafar serial ta kwamfuta ya kunna shi ta resista mai om 1000, shi kuma ya ja PTT zuwa ƙasa. In gunjin bai ɗauke ba, ya kashe inbatar sola ya sake saurare, don masu arahar nan ƙazanta suke zubawa a iska ba kaɗan ba.

Ɓacewar katin kuwa, siginar da yake aikawa ce ke dawowa ta bi wayar USB kamar eriya. Ya rage wayar kada ta wuce mita ɗaya, ya samo zoben farait (ferrite) mai tare irin wannan sigina, nau'in 31, ya naɗa ta sau huɗu ko biyar kusa da kowane baki. In abin ya ci gaba, laifin na eriya ne: a naɗa kebul ɗin eriyar a zobe daidai inda ya haɗu da ita.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Anjamena. Mai ita yana ganin tashoshin FT8 a 14.074 MHz, yana kira ba mai amsawa, rediyon kuma sai zafi.

Injiniya: Ya duba ma'aunin ALC, mai nuna yadda rediyo ke danne sigina in ta yi yawa, lokacin da yake aikawa. In yana hawa, sautin ya yi yawa, siginar ta dagule ta fantsama kan maƙwabta. Ya ja ƙarfin sauti ƙasa a WSJT-X har ALC ya kusa daina motsi. In ta kafar makirufo ya shiga, sai an rage sautin kamar sau ɗari: resista mai om 10,000 a kan layi, mai om 100 zuwa ƙasa. A Windows kuma kada ya bar katin a matsayin babban lasifika, in ba haka ba ƙarar saƙon WhatsApp ma sai ta hau iska da lambar kiransa ta Chadi mai farawa da TT. Agogon kwamfuta ya zama daidai, kuskuren kada ya wuce daƙiƙa ɗaya, tunda zagayen FT8 daƙiƙa 15 ne.

Zafi kuwa, FT8 kusan daƙiƙa 13 yake yi yana hura wuta ba numfashi. Rediyo mai wat 100, a zafin Afrilu na Anjamena, ya tsaya a 25 ko 30, ya kafa ƙaramar fanka a bayansa, ya kuma riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe ramukan iska.