Bayan Labule: Hotunan Katako na Japan da Makaɗan da Ba a Gani

Assalamu alaikum. To jama'a, ku dubi hoton nan da ke kan allo. Katsukawa Shunsho ne ya zana shi a Edo, wato Tokyo ta yau, wajen shekarun 1780. Wanda ke cikin hoton ɗan wasan kabuki ne, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, sunansa Ichikawa Danjuro na Biyar, amma ba kan dandali yake ba, yana ɗakin shiri. A irin waɗannan hotuna za ku ga madubi, ga gashin aro an ajiye, ga lofe. Wani lokacin namiji ne ke shafa farar hoda zai fito a mace, domin tun 1629 hukuma ta hana mata hawa dandali.

Ni wannan ne ya fi taɓa min zuciya. Jarumin da ya cika zaure da tsawa, ga shi zaune yana jira a kira shi, ma'aikaci kamar kowa. Wani mai zane, Utagawa Kunisada, wanda ya rasu a 1865, ya ƙara faɗaɗa abin. Yakan jera takarda uku ya buɗe mana bayan gidan wasa ɗungurungum, da matakala, da masu gyaran gashi, da 'yan aike.

Yanzu makaɗa. Ku saurara da kyau. A kabuki akwai waɗanda ke zama kan dandali ana ganinsu, akwai kuma waɗanda ake sakawa a ɗan ɗaki a gefe, bayan baƙin asabari. Ta tsakankanin asabarin suke leƙen ɗan wasa, su bi takunsa. Suna kaɗa shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo, da sarewa, da babbar ganga. Da gangar nan ake yin ruwan sama, da iska, har da zubar dusar ƙanƙara, abin da ba shi da ƙara ko kaɗan! Duk zauren na jin su, amma ba mai ganin fuskarsu. Shi ya sa idan na tarar da makaɗi a hoto, rungume da shamisen ɗinsa, nakan daɗe a kansa.

Shi ma hoton haka yake. Sunan mai zane ake gani, amma wani ne ya sassaƙa katakon ceri, kusan kowane launi da allonsa, wani kuma ya goga takarda da hannu har launi ya kama. Galibi ba a rubuta sunansu ba.

A 1842 hukuma ta hana buga hotunan 'yan wasa, ta kori Danjuro na Bakwai daga Edo. Masu zane suka koma fitar da fuskokin ba suna, masu saye kuwa sun san ko waye.