Kodek ɗin editin daban, na ajiya daban

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga ɗakin aikinmu nake magana anan Manchester, tun asuba ake ruwa ga sanyi, shiyasa kuka ganni cikin wannan jibgegiyar rigar. Jiya wani ƙanina dake harkar editin a Kano ya kirani yace yaya kwamfutata sai maƙalewa take in ina yanka bidiyo, ko sabuwa zan saya? Nace masa dakata tukuna, wane kodek kake aiki dashi, yace MP4. To anan matsalar take, MP4 ba kodek bane, kwano ne kawai, haka MOV da MXF da MKV, kodek shine tuwon dake cikin kwanon, wato hanyar da ake matse bidiyon a rubuta shi cikin fayil.

Abinda waya da ƙananan kyamarori ke ɗauka yawanci H.264 ne ko H.265, su kuma basa ajiye kowane hoto cikakke, sai su ajiye guda ɗaya cikakke sannan na bayansa abinda ya canza kawai ake rubutawa, shiyasa fayil ɗin ke zama ƙarami, amma duk sanda ka ja bidiyon gaba ko baya dole kwamfuta ta koma ta haɗo lissafi kafin ta nuna maka firem ɗaya, wato hoto ɗaya na bidiyon, ga kala ga rubutu ka ɗora, ai dole ta gaji. ProRes da Apple suka fitar a 2007 da DNxHD na Avid kowane firem a tsaye yake da ƙafarsa, editin sumul. Sai dai suna cin waje, ProRes 422 HQ a 1080 firem 25 awa ɗaya tana haura giga 80. In faifanka ƙarami ne kayi furoksi, wato ƙaramin kwafi kayi yanka dashi, in ka gama ka mayar kan na asali.

Maganar kaiwa gidan talabijin kuwa ba zaɓinka bane, ka tambayesu kawai. Anan Ingila tun Oktoba 2014 aka bar kai kaset aka koma fayil, tsarin AS-11, AVC-Intra 100 cikin MXF, in ka kai wani abu daban dawo maka dashi za'ayi. Wasu tashoshin XDCAM HD422 mai megabit 50 suke karɓa. Kuma ka kula, mu a gida firem 25 muke kamar nan, ba 29.97 na Amurka ba.

Amma wallahi abinda yafi damuna ajiya ne, kuma shine dalilin da yasa na kunna kyamarar nan. Akwai kaset ɗin VHS na bikin yayata, mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana ciki yana magana yana dariya, shekarun baya aka kai wani shago aka mayar dashi VCD aka watsar da kaset ɗin don an ɗauka an gama. VCD kuwa MPEG-1 ne, 352 a 288, fuskar Baba duk ta dushe, daga baya wani ya sake matse shi ya tura ta WhatsApp, yanzu shine kaɗai a hannunmu. Duk matsewar da akayi wani abu ya tafi kenan, babu manhajar da zata dawo dashi, na gwada iya sanina.

Kaset ɗaya ya rage, na sunan ɗan yayata, Hajiyarmu ta ɓoye shi a akwati. Shi da na samu FFV1 na saka shi cikin MKV. Wannan kodek yana rage girma ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, kyauta ne, yana cikin FFmpeg, manhajar juya bidiyo, ba mallakar wani kamfani bane da zai rufe gobe ya barka da fayil mara buɗuwa, a 2021 ma aka rubuta ƙa'idarsa a takardar da ake kira RFC 9043, kuma yana da lambar tantancewa a cikinsa wadda zata nuna maka in wani sashe ya lalace. Gidan adana sauti da bidiyo na Ostiriya dake Biyana dashi suke aiki, ɗakin karatu na majalisar Amurka kuma sun daɗe suna aiki da wani kodek, JPEG 2000, cikin MXF. Ba don editin akayi shi ba fa, nauyi gareshi, ajiye shi zakayi ka fitar da ProRes ko H.264 daga jikinsa duk sanda kake buƙata.

In kuwa da kyamarar zamani ka ɗauka, kar ka wahalar da kanka, ka ajiye fayil ɗin asali yadda ya fito daga kati, da kwafin aikin da ka gama a ProRes ko DNxHD. Masu finafinanmu na Kano dan Allah ku ji wannan, wanda kuka ɗora a YouTube ba shine ajiyarku ba. Anan wajen aiki kaset ɗin LTO na ajiye fayiloli muke zubawa, LTO-8 ɗaya yana ɗaukar tera 12, ni a gida faifai biyu nake dasu, ɗaya anan ɗaya zan ba mai tafiya ya kaiwa Hajiya wata mai zuwa in sha Allah. Bari in juyo da kyamara ku ga yadda na jona na'urar VHS ɗin da kwamfuta.