Me Ya Sa Tsuntsaye Ke Ƙanƙancewa Yayin da Duniya Ke Ƙara Zafi?

Jama'a, assalamu alaikum. Mu ɗauki wasu tsuntsaye guda biyu. Dukansu fengwin ne, dangi ɗaya, ba sa tashi sama, iyo suka iya. Na farko a Antatika yake zaune, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tsayinsa ya haura mita 1, nauyinsa kan kai kilo 40. Na biyun kuwa ɗan tsibiran Galapagos ne, can tsakiyar duniya inda rana ke duka, kuma da ƙyar yake kai kilo 2 da rabi. Me ya raba su haka?

Lissafin zafi ne. Jikin tsuntsu ya fi namu zafi, digiri 40 zuwa 42, kuma dole ya riƙe shi haka dare da rana. A cikin jiki ake samar da zafin, ta fata yake zurarewa. Duk wadda ta taɓa kwashe tuwo ta san yadda abin yake: ƙaramar malmala kafin a gama miya ta huce, babbar kuwa ko an daɗe, da ka gutsura tururi ne zai taso. Babban abu, fatarsa kaɗan ce idan aka gwada da abin da ke cikinsa. Saboda haka girma riba ce a ƙasar sanyi, nauyi ne a ƙasar zafi. Wani Bajamushe mai suna Carl Bergmann ne ya rubuta wannan a shekarar 1847, har yau kuma da sunansa ake kiran ƙa'idar.

Na san wani zai ce, to jimina fa? Babu tsuntsun da ya kai ta girma a duniya, ga ta kuma a ƙasar zafi. Gaskiya ne. Ƙa'idar tana aiki ne idan aka gwada tsuntsu da ɗan'uwansa na kusa, ba jimina da kanari ba. Amma ku sake duban jiminar da kyau. Dogon wuya, dogayen ƙafafu, cinyoyi tsirara babu gashi. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu, wadda Ba'amurke Joel Asaph Allen ya kawo a 1877: a ƙasar zafi gaɓoɓin da ke miƙewa daga jiki sun fi tsawo, a ƙasar sanyi kuma sai su gajarce, jiki ya dunƙule.

A nan ne abin ya fi daɗi, domin tsuntsu ba ya gumi sam. Gashi ya rufe masa ko'ina, sai ƙafa da baki. Mutane da yawa sun ɗauka bakin tsuntsu mataccen ƙaho ne. A'a, ƙarƙashin wannan taurin akwai jijiyoyin jini birjik. Akwai wani tsuntsu mai ƙaton baki a Birazil da ake kira tukan, bakinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa. A 2009 wani masani, Glenn Tattersall, da abokan aikinsa suka ɗauke shi da kyamarar da ke ganin zafi. Idan aka ƙara zafin ɗakin, sai bakin ya haskaka, jini ya kwararo cikinsa ya sha iska ya koma. Idan aka sanyaya, sai ya rufe jijiyoyin, bakin ya yi duhu a hoto. Da zai yi barci ma sai ya cusa bakin cikin gashinsa.

Ba sai mun je Birazil ba. A 2016 an yi irin wannan gwaji a hamadar Kalahari da wani ɗan'uwan cilakowarmu mai rawayan baki, aka ga cewa cikin zafin da yake fitarwa ba ta haki ba, bakin kaɗai kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amfanin ba ƙarami ba ne. Haki ruwa yake ci, ruwa kuwa a hamada ba a wasa da shi. Dangin shamuwa su tasu dabarar daban ce, kuma ba ta da kyan gani: kashi suke yi wa ƙafafunsu, ya bushe, ya tafi da zafin.

To, idan yanayi ne ya sassaƙa jikin tsuntsu cikin dubban shekaru, me zai faru idan yanayin ya sauya cikin shekara 40?

Amsar farko daga birnin Shikago na Amurka ta fito. Tsuntsaye masu ƙaura kan yi karo da gilasan dogayen benayen birnin su faɗo matattu. Tun 1978 wani ma'aikacin gidan tarihi na Field, Dave Willard, yake tsince su, ya auna, ya rubuta a littafi da hannu. Ya yi ta yi har aka tara tsuntsaye fiye da 70,000, iri 52. Da wani masani, Brian Weeks, da abokansa suka bi wannan tarin awo a 2019, sai suka ga jiki ya ragu a kusan kowane iri. Ƙashin ƙwauri ya gajarce da kashi 2.4 cikin 100, fiffike kuma ya ƙara tsawo da kashi 1.3. Da ido ba za ka gani ba. Sai mai haƙurin awo.

A dajin Amazon, kusa da birnin Manaus, an sami irin haka a 2021 cikin tsuntsaye iri 77 da ba sa ƙaura, a inda gatari bai taɓa shiga ba: dukansu sun rage nauyi. A Ostireliya kuma bakin wasu aku ya ƙaru da kashi 4 zuwa 10 cikin 100 tun daga 1871.

Da jin haka sai mutum ya ce madalla, ashe suna sajewa da zafin, babu damuwa. Ni dai ba na saurin faɗin haka. Masanan kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu na ganin sajewa ce, wasu na ganin tsumburewa ce kawai, wato 'ya'yan ba sa samun abin da zai ishe su girma. Ga misalin da ya fi tsaya min a rai.

Akwai wani ɗan tsuntsun bakin teku da Turawa ke kira red knot. A Taimyr yake ƙyanƙyasa, can ƙuryar arewacin Saiberiya, sannan ya keto dubban kilomitoci ya zo ya yi hunturu a Afirka ta Yamma, a gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya. Jan van Gils da abokansa sun nuna a 2016 cewa cikin shekara 33, lokacin narkewar ƙanƙara a Taimyr ya matso gaba da fiye da mako biyu. A shekarun da ta narke da wuri, 'ya'yan kan taso ƙanana, bakinsu gajere. Abin da ake zato shi ne ƙwarin da suke ci sun riga sun yi yawansu sun wuce kafin a ƙyanƙyashe su.

A Saiberiya gajeren bakin ba ya nuna illarsa, sai an sauka Muritaniya. Abincinsu na ƙwarai a can wasu 'yan halittu ne masu ɓawo biyu, dangin katantanwa, da ke binne cikin laka. Mai bakin milimita 40 yana iya kaiwa ga kusan kashi biyu cikin uku nasu. Mai milimita 30 kashi ɗaya kawai yake samu. Sauran cikin sai ya cika da saiwar ciyawar teku, wadda ba ta riƙe jiki. Da aka bi waɗanda aka sa wa zobe a ƙafa, an ga cewa ƙananan masu gajeren baki su ne suka fi mutuwa kafin su cika shekara.