Me ya sa farashin injin yankan ciyawa ke tashi dare ɗaya?

Wata uku da suka wuce ka shiga kanti, ka ga injin yankan ciyawa, ka tura shi gaba ka jawo shi baya, ka duba takardar farashin da ke rataye a mariƙinsa, ka ce bari in tara kuɗi in dawo. Yau ka dawo. Injin nan ne dai, kwalinsa ɗaya, ko ƙurar da ke kansa ba a goge ba. Takardar ce kawai ta canza. An liƙa sabuwa a kan tsohuwa, idan ka kai ido kusa ma kana hango tsohon farashin ta ƙarƙashi.

Haka zarton inji na sare itace ya yi, haka injin datse shinge, haka na hure ganye. Kuma ga abin ɗaure kai: hauhawar farashi, yadda ake faɗin ta a labarai, kashi kaza ce cikin ɗari a shekara, abu mai tafiya sannu a hankali. To me ya sa waɗannan injuna suke zama wata da watanni ba motsi, sai rana guda su yi tsalle?

Bari mu fara kwance injin mu ga abin da ke cikinsa. Wuƙar da ke yanka ciyawar ƙarfe ce. Gangar jikin roba ce ko alminiyum, ita kuma roba daga man fetur da iskar gas ake samar da ita. Idan na lantarki ne, cikin motarsa akwai wayar jan ƙarfe a nannaɗe. Idan mai batir ne, akwai litiyam, ma'adinin da ake haɗa batirin da shi, da wani ɗan allon lantarki mai kula da caji don kada batirin ya yi zafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kasuwarsa a duniya, kuma a 2021 da 2022 kusan dukkansu tare suka tashi. Jan ƙarfe ya haura dala 10,000 kowane tan a watan Mayun 2021. Litiyam kuwa ya ninka fiye da sau goma a kasuwar Sin daga ƙarshen 2020 zuwa Nuwamban 2022, saboda masu ƙera motocin lantarki sun yi masa rubdugu. Mai ƙera injin lambu layi ɗaya yake bi da su wajen sayen batir, kuma ba shi ne babban mai saye ba.

Sai dako. Kafin annobar korona, ɗauko babbar kwantena ta teku bai kai dala 2,000 ba a matsakaici. A Satumban 2021 ya wuce dala 10,000. Nan ne injin yankan ciyawa ya fi shan wahala, domin kaya ne mai cin wuri. Kwantenar da za ta ɗauki dubban wayoyin hannu, injuna kaɗan ne za su cika ta, don haka kason kowane inji na kuɗin dakon yana da nauyi. A Maris na shekarar, wani katafaren jirgin ruwan dakon kaya mai suna Ever Given ya tokare Mashigin Suwez na Masar har kwana shida. Bayan abubuwa sun ɗan lafa, daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jirage a Bahar Maliya suka tilasta wa da yawa zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar ta ƙaru da wajen kwana goma.

Duk wannan ya nuna dalilin tsadar. Bai nuna dalilin tsallen ba.

Dalilin tsallen shi ne, ba kullum ake sa wa waɗannan kaya farashi ba. Kamfanoni irin su Stihl na Jamus, Husqvarna na Suwidin, Makita na Japan, ba sa tashi kowace safiya su duba kasuwar ƙarfe su sauya farashi. Jadawalin farashi suke fitarwa ga dilolinsu, ya yi watanni yana aiki. Kuma kayan lambu suna da lokacinsu. A Turai da Arewacin Amurka, yawancin cinikin ana yin sa ne idan sanyi ya wuce ciyawa ta fara tsiro, amma odar kayan tun watanni kafin nan ake ba da ita. Ke nan injin da ka gani wata uku da suka wuce, da ƙarfen bara aka ƙera shi, da kuɗin dakon bara aka kawo shi. Tsadar tana ta taruwa a bayan fage kamar ruwa a bayan madatsa, kai ba ka gani. Ranar da tsohon kaya ya ƙare a sito, sabon jadawali ya fito, ƙarin shekara guda sai ya sauko maka a lokaci ɗaya.

Za ka ce, to ai wannan injin da ke gabana tsohon kaya ne, ga ƙura ma a kansa, don me za a ƙara masa kuɗi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsar mai kanti ita ce: ba abin da ya saya jiya yake kallo ba, abin da zai saya gobe yake kallo. Idan ya sayar a tsohon farashi, kuɗin da ya tara ba za su dawo masa da adadin injunan da ya sayar ba, sai uwar kuɗi ta fara zaizayewa. Wannan hujja ce ta gaskiya. Sai dai a lura, idan farashin sari ya sauka, ba kasafai ake jin wannan hujjar ba. Lokacin sai ka ji ana cewa, ai mu da tsada muka saro.

Akwai kuma wani lissafi da ke kumbura ƙarin kafin ya iso gare ka. A ce masana'anta na sayar da inji a kan 50. Mai shigo da kaya ya ɗora kashi 30 cikin ɗari, ya zama 65. Mai kanti ya ɗora kashi 40, ya zama 91. Yanzu masana'anta ta ƙara 5 kacal, ya koma 55. A hannun mai shigowa ya zama 71 da rabi, a kanti ya kai 100. Biyar ɗin nan ta zama tara, alhali babu wanda ya ƙara kason ribarsa ko da ɗigo. Kowa kashi yake ɗorawa a kan na wanda ya gabace shi.

A kan wannan sai ka ɗora canjin kuɗi. Cinikin ƙasa da ƙasa yawanci da dala ake yin sa, don haka duk ƙasar da kuɗinta ya rage daraja, injin ya ƙara tsada a cikinta ko da masana'anta ba ta taɓa farashi ba. Sai kuɗin fito, wanda shi kam da ranar fara aikinsa yake zuwa. Amurka ta sa kashi 25 a kan ƙarfen da ake shigowa da shi a 2018, a watan Yunin 2025 ta kai shi kashi 50, har da alminiyum. Irin wannan ba ya hawa a hankali. Jiya babu, yau akwai.

To amma ai an ce hauhawar farashi ta sauka? Ta sauka. A Amurka ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, a Birtaniya kashi 11.1 a Oktoban shekarar, daga nan ta yi ƙasa bayan manyan bankuna sun yi ta ƙara kuɗin ruwa. Sai dai nan mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da yake 100, idan ya hau da kashi 10 ya zama 110. Idan hauhawar ta sauko zuwa kashi 3, ba 103 zai koma ba, 113 da ɗoriya zai zama. Gudun motar ne ya ragu, ba baya ta koma ba. Litiyam ya faɗi warwas a 2023, kuɗin dako ma ya sauko, amma albashin ma'aikata da hayar sito ba su sauko ba, ga kuɗin ruwan bashin da ake ajiye kaya da shi ya ƙaru. Kuma, a faɗi gaskiya, kamfanin da ya ga mutane sun saba da sabon farashi ba ya gaggawar sauke shi. Abin da aka fi gani shi ne rangwame na ɗan lokaci a ƙarshen kakar ciniki, idan kaya sun yi kwantai, jadawalin kuwa yana nan inda yake.

Wani lokacin ma takardar farashin ba ta canzawa sam, kwalin ne ke rage nauyi. Injin da a da ake haɗawa da batir da caja, yanzu sai a sayar da shi tsurarsa, a rubuta da ƙananan haruffa a gefen kwali cewa babu batir a ciki. Ko a bar batirin amma a sa ƙarami, wanda kafin ka gama rabin fili ya mutu. Batirin wani kamfani kuma galibi ba ya shiga injin wani, don haka ranar da ka sayi na farko, ka ɗaure kanka da farashin batirinsu na shekaru masu zuwa. Idan za ka gwada farashin bana da na bara, juya kwalin ka duba lambar samfurin ko ita ce dai, ka duba ƙarfin batirin da aka rubuta, sannan ka tambayi nawa ake sayar da batirin shi kaɗai, domin sau da yawa shi ne yake riga injin mutuwa.