Lauyan Neman Haƙƙi, Tsakanin Kotu da Ofishin Gwamnati

(Lacca ce da wani lauya ɗan ƙasar Rano ya gabatar a gaban ɗaliban sakandare da iyayensu. An kwafo ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, malamai, iyayenmu maza da mata, da ƙannena ɗalibai. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan taɓo: yadda ake zama lauya, aikin da irinmu muke yi a kotu, sai abin da na gani a aikin gwamnati.

Na farkon ba shi da tsawo. Shekara 5 a jami'a, ko Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya, sannan shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi. A Legas aka kafa ta a 1962, amma ga reshenta nan Bagauda, wasunku sun sha wucewa ta ƙofarta. Ka ci jarrabawa, a rantsar da kai, ka yi bautar ƙasa, ka shiga ofishin wani babba kana ɗaukar masa fayil kana koyo. Sai ka shekara 10 kana aikin kafin a yi maganar alƙalin Babbar Kotu ko muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya. 'Yan mata, da ku nake: Mai Shari'a Aloma Mukhtar, macen farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, a Babbar Kotun Kano ta yi alƙalanci kafin ta hau sama.

Ni ba na shari'ar ɓarawo ko mai kisa. Tawa ta neman haƙƙi ce: bashi, ciniki, haya, kwangila, gado, da gona. Gona! Ku bar ni in daɗe a nan, don ita ce ke raba 'yan'uwa a ƙauyukanmu.

Dattijo zai shigo ofis, ya zaro leda daga aljihun 'yar ciki, ya warware, ya warware, sai ga takarda da rubutun ajami, gara ta ci gefenta, daidai wurin da sunan shaida yake. Wannan ma mai sa'a ne. Mafi yawa hannu biyu suke zuwa. Ka ce Baba ina shaidunka, ya ce Allah ya yi musu rasuwa. Ina iyakar gonar? Ya ce tsamiya ce. Ina tsamiyar? An sare ta tun shekarar da aka yi fari. Kuma gaskiyarsa ce, wallahi gaskiyarsa ce, kana ganin fuskarsa ka sani. Amma alƙali ba ya hukunci da fuska. Ƙa'idar da malamai suka karantar da mu ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Ga kuma maganar hauzi a mazhabarmu ta Malikiyya. Mutum bare ya shekara 10 yana noma gonarka, kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana, ka yi shiru, to ka raunana da'awarka da hannunka. Sai dai in ka tabbatar aro ka ba shi ko jingina ce. To da me za ka tabbatar? Ka ga mun koma kan takarda. Jingina ita ta fi wahalar da mu. Uba ya karɓi buhun gero kaza ya jinginar da fadama, ya rasu, wanda ya karɓi fadamar ma ya rasu, 'ya'yan wancan su ce saye ne, 'ya'yan wannan su ce jingina ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Amma mu sai mu ce kunya. Kunyar me? Ku ɗalibai, in kun koma gida yau, ku zauna da iyayenku da biro da littafi, ku rubuta kowace gona, iyakarta gabas da yamma, kudu da arewa, wa ke maƙwabtaka, ta gado ce ko ta saye. A kai wa mai unguwa da dagaci su sa hannu. Na ga Malam na can baya yana taɓa aljihu, Malam ba yanzu ba, sai an tashi! (Dariya.)

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? To, aikin gwamnati. Na yi shekaru a Ma'aikatar Shari'a, sashen tsara daftarin doka da ba hukumomi shawara. A can na ga yadda doka ke tafiya: daga ma'aikata zuwa majalisar zartarwa, zuwa majalisar dokoki, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, gwamna ya sa hannu. Abin da ya fi damuna, ranar jin ra'ayin nan da wuya ka ga manomi ko makiyayi a zauren, alhali burtalinsu da gonarsu ake tattaunawa.

Da na koma tsayawa wa talaka a kotu, zaman da na yi a ma'aikatar ya amfane ni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. In an karɓi gonarka don hanya ko makaranta, diyyar da dokar ta fi mayar da hankali a kai ita ce ta abin da ke kan ƙasar, wato gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi suka zo, ka tsaya a gonarka, a ƙirga kowane mangwaro a gabanka, ka ɗauki hoto da waya. Sannan akwai dokar kare jami'an gwamnati, wata 3 kacal ta bayar a kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ce ba ta shafi ƙarar ƙasa da ta kwangila ba, amma sauran haƙƙoƙi da yawa jinkiri na kashe su. Ko ka yi nasara ma, taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar. Shi ya sa nake fara neman sulhu... Na'am Hajiya? A miƙa mata lasifikar.

(Wata dattijuwa ta tambaya: mahaifinsu ya rasu da daɗewa, gonakin na hannun yayyensu maza, ba a raba ba, ita kuma ba ta da kuɗin lauya.)

Inna, Allah ya jiƙansa. Haƙƙinki yana nan, rabonki rabin na ɗa namiji ne, kuma aurenki a wani gari bai soke shi ba. Ki fara da liman da dagaci, a zauna a gida, don zumunci ya tsira. In abin ya ƙi, Kotun Shari'a mafi kusa da ke ita ke raba gado, kuma ba dole sai da lauya ba. Ki je wurin rajistara ki faɗi ƙararki da Hausa, a rubuta, a aika musu sammaci. Ki tafi da sunayen magada duka, har waɗanda suka rasu bayan mahaifin naku, da mutum biyu da suka san gonakin. In hukuncin bai gamsar da ke ba, akwai ɗaukaka ƙara, amma shi ma yana da wa'adi, kada ki zauna. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna da ofis a Kano. Na ga hannaye da yawa a ɓangaren mata. Shugaban makaranta, in ba damuwa a ba mu aji ɗaya bayan sallar la'asar, duk mai irin wannan matsalar ta zo da abin da take da shi, mu duba ɗaya bayan ɗaya.