Amsoshin Tambayoyinku: gidan farautar sarki da ya koma gidan mabarata

To jama'a, wasiƙarmu ta farko yau daga wani malamin lakkwal ne a Tibiri, yana cewa ya ji an yi taron ƙasashe masu magana da Faransanci a 2024 a wani tsohon gida can wajen Paris, to wai gidan waye, kuma mi ake yi da shi kafin nan?

Malam, sunan wurin Villers-Cotterêts, kimanin kilomita 80 arewa maso gabas da Paris. Sarki François na ɗaya ne ya sa aka fara gina shi wajen 1532, a bakin kurmin Retz, don shi mutum ne mai son farauta, in ya gaji da hayaniyar birni sai ya kwashi fadawa da dawaki da karnuka a tafi can a yi kwanaki. A cikin gidan nan ne a watan Agusta na 1539 ya sa hannu a wata doka mai ayoyi 192, wadda ta ce daga ranar duk takardun shari'a da na hukuma da Faransanci za a riƙa rubuta su, a bar Latin da talaka bai ji. Kun ga ke nan su ma sai da suka yi wa harshensu wannan tsayin daka.

Bayan juyin juya hali na 1789 gwamnati ta karɓe gidan. A 1808, zamanin Napoleon, aka maida shi wurin tara mabaratan Paris, wallahi nan ne abin ke taɓa zuciyata, ɗakunan da aka yi wa zane da sassaƙa don sarki aka kitsa gadaje a ciki, aka yanka su da bango, mutanen da aka kwaso daga titi ba da son ransu ba suna kwana ƙarƙashin tambarin sarauta. Daga 1889 ya koma gidan tsofaffi da gajiyayyu, haka ya zauna har 2014 da na ƙarshensu suka fita, aka bar shi rufe, ruwa na cin rufi.

Wata baiwar Allah daga unguwar Bagalam ta haɗo da tata, ta ji daga baya an gyara gidan, wai shin kuɗin gyaran irin wannan ba ɓarna ba ne? Hajiya, kuɗin da yawa kam, sun haura Yuro miliyan 200, wato sama da miliyar 130 na sefa, kuma can Faransa ma an yi ta gardama a kai. Shugaba Macron ya buɗe shi ranar 30 ga Oktoba 2023 a matsayin cibiyar harshen Faransanci, da ɗakunan nuni da zauren taro. Ni dai a ganina ba ɓarna ba ce, tunda ɗalibai na shiga kullum, kuma mu ƴan Maradi da ambaliyar 1945 ta cinye mana tsohon gari mun san zafin neman gidan kakanni a rasa ko bango. Abin da nike fata kawai, a riƙa ba baƙi labarin mabaratan nan da tsofaffin yadda ake ba su na sarki, don sun fi shekara 200 a gidan.