Katin nakasa da kuɗin makaranta: matakin da iyaye ke tsallakewa

[Hoto: waya a hannu, saƙon murya yana tafiya a WhatsApp]

Wannan saƙon ya zaga ko'ina, daga Garwa zuwa Marwa, daga Ngaundare zuwa Kuseri. Wai gwamnati ta yi doka, duk yaron da ke da nakasa karatunsa kyauta ne, ka kama hannunsa kawai ka kai shi gaban darakta, ko dala ba za ka biya ba. Iyaye sun ji, sun je, wasu sun dawo rai a ɓace suna cewa zancen banza ne.

'Yan uwa, dokar tana nan daram. Mai saƙon ne ya cakuɗa haƙƙi biyu wuri guda, sannan ya tsallake mataki ɗaya, kuma a kan wannan matakin za mu daɗe yau.

[Hoto: shafin farko na dokar]

Ga ta. Doka mai lamba 2010/002, ta ranar 13 ga Afrilun 2010, kan kare masu nakasa da ɗaukaka matsayinsu a Kamaru. Ita ta maye gurbin ta 1983. Takardar Firaminista da ta fayyace yadda za a yi aiki da ita kuwa sai a watan Yulin 2018 ta fito. Shekara 8 ke nan. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya lokacin da aka sa hannu, da ya gama firamare har ya wuce kafin a kammala takardun. Wannan jinkirin yana min ciwo, don yara ne suka biya shi.

[Hoto: ƙofar makaranta da safe, yara na shiga]

Haƙƙi na farko shi ne a karɓi yaro. Dokar ta ce shugaban makarantar da ya nuna bambanci wajen ɗaukar mai nakasa zai iya shan ɗaurin wata 3 zuwa 6, da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1. Ta kuma ba da sassaucin shekaru, wato yarinyar da ta kai shekara goma tana gida saboda ƙafa ba za a ce mata ta yi girma da aji ɗaya ba.

Haƙƙi na biyu shi ne kuɗi, kuma nan ne saƙon ya yi gaggawa. Abin da dokar ta ce: gwamnati na taimakawa da nauyin karatun ɗalibai masu nakasa waɗanda ba su da hali. Za a iya yafe kuɗin gaba ɗaya, za a iya yafe wani sashe, akwai kuma tallafin karatu. Kun ji sharaɗi biyu ke nan, nakasa da rashin hali, kuma kowanne sai an tabbatar da shi a rubuce. Darakta ba likita ba ne. Ko yana ganin keken guragu a gabansa, idan aka zo binciken kuɗin makaranta takarda za a tambaye shi.

[Hoto: uwa a layin asibiti, ɗan littafin asibiti a hannunta]

To ga matakin. Ku dubi abin da ke hannun wannan baiwar Allah. Littafin asibiti ne, karne, wanda ake rubuta magani a ciki. Yawancin iyaye shi suke ɗauka zuwa makaranta, wasu har da ledar kwalayen magani da hoton ƙashi, suna ganin hujja ta cika. Doka kuwa wata takarda daban take nema, takardar likita ta musamman. Ga sunanta a allo da Faransanci, ku tsayar da bidiyon ku ɗauki hotonsa, don da wannan sunan za ku tambaya.

[Rubutu a allo: Certificat médical spécial]

Abu biyu likita ke rubutawa a cikinta: irin nakasar, da kuma girmanta a lissafin kashi cikin ɗari. Dokar ta ce kyauta ake ba da takardar. Idan likita ya buƙaci wani gwaji, kamar awon ji ko na ido, ku tambayi kuɗinsa tun da wuri, amma ita takardar ba ta sayarwa ba ce.

Wannan lambar da likita zai rubuta ita ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe. Katin nakasa na ƙasa, wanda shi ne hujjarku wajen neman a yafe kuɗin, ana ba da shi ne ga wanda nakasarsa ta dindindin ta kai kashi 50 cikin ɗari zuwa sama.

Shi ya sa nake roƙon iyaye mata musamman. Mun saba, ko mutum yana kwance rai a hannun Allah aka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau, Allah ya bar mu da ita. Amma a gaban likitan nan, bayan an gama gaisuwa, a faɗi komai. Idan sai an goya shi zuwa bayan gida, a faɗa. Idan kina kiranta daga bayanta ba ta juyowa sai kin taɓa kafaɗarta, ki faɗa. Idan shekararsa takwas bai iya sa riga da kansa ba, kada kunya ta sa a ɓoye. Likita minti kaɗan zai yi da yaron, ke ce kike kwana ki tashi da shi. Nakasar da ido ba ya gani, irin ta ji da ta fahimta, ita ta fi saurin ɓacewa a irin wannan ganawar. Kada kuma a ƙara gishiri, gaskiyar ta isa, kuma dokar ta tanadi hukunci a kan katin bogi.

[Hoto: ofishin jin daɗin jama'a, allon suna a bango]

Shawarata, kafin ma ku je asibiti ku fara biyawa ta nan. Santar sosiyal, ofishin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a da ke yankinku. Su za su nuna muku likitan da ake karɓar takardarsa, su lissafa muku sauran abin da dosiye, wato tarin takardun neman katin, ke buƙata, kuma ta hannunsu neman katin ke bi.

[Rubutu a allo: Centre social. Carte nationale d'invalidité]

Batun rashin hali ma aikinsu ne. Ma'aikacin zai tambayi sana'ar uba, yawan yara, inda kuke zaune. Wasu magidanta na jin nauyin wannan, suna ganin tonon asiri ne. Na fahimta. Sai dai bayanin nasa ne zai sa a yafe kuɗin, kuma karɓar abin da doka ta ba ɗanka ba bara ba ne.

Takardar haihuwa kuma, tsohuwar matsalarmu ta arewa. Yaran da ke da nakasa su aka fi mantawa da su wajen yin ta. Idan lokacin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, kuma ko ba don kati ba, sai da ita yaro zai zauna jarrabawar CEP, ta kammala firamare.

[Hoto: kasuwa, yaro riƙe da sanda yana yi wa mahaifinsa jagora]

Ku dubi wannan yaron. Lafiyarsa ƙalau, idonsa biyu. Amma shi ma dokar ta ambace shi, domin sassaucin kuɗin ya haɗa da 'ya'yan iyaye masu nakasa marasa hali. Mutane ƙalilan ne suka san haka. Idan kuna da maƙwabci makaho da ɗansa ke wuni yana masa jagora, ku kai masa wannan labarin har gida. A nan katin uban ne hujja.

[Hoto: rasit na kuɗin makaranta]

Sauran a gurguje. Firamaren gwamnati tun shekarar 2000 aka soke kuɗinta ga kowa, don haka inda yafiyar ta fi tasiri shi ne sakandare, inda ake biyan sefa 7,500 a ƙananan azuzuwa da 10,000 a manyan azuzuwa, a ɓangaren ilimin gama-gari. Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, nasu ne daban, ku zauna da shugabanninta ku yi magana. Makarantar kuɗi kuma kada ku je da tsammanin kati zai biya muku.

Idan lambar likita ba ta kai 50 ba fa? Babu kati, amma kujerar yaro a aji tana nan. Dokar ta ce yaro mai kowace irin nakasa a ba shi yanayin karatu daidai da halinsa.

[Hoto: aji cike maƙil, matakala a bakin ƙofa]

Ba zan ɓoye muku ba, kati ba ya kawo malamin da ya iya maganar hannu, ba ya kawo littafin rubutun makafi, ba ya rushe wannan matakalar. A nan gwamnati na da bashi mai yawa a kanta. Amma wasu abubuwan a hannunmu suke: a roƙi malam ya zaunar da mai raunin ji a layin gaba inda zai ga bakinsa, a mayar da ajin mai keke ɗakin da ba shi da tudu.

Ku fara neman takardun tun cikin dogon hutu, kada ku bari sai Satumba ta kama. Asalin takarda ya zauna a gida, kwafi za ku miƙa, ku kuma nemi shaidar cewa an karɓa. Idan duk da haka aka ƙi ɗaukar yaron, ku koma santar sosiyal ku sanar da su, sannan ku kai kuka wurin sufeton ilimin firamare na yankinku, ko ofishin wakilin ma'aikatar sakandare idan babbar makaranta ce.